Wai Littafin Ɗan Sandan Ciki Ne Ke Koya Kisa? Haba Jama'a!

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, musamman a bakin wasu dattawa da wasu samarin ustazai, cewa wai littattafan nan masu ba da labarin ɗan sandan ciki yana farautar mai kisan ɗauki-ɗaiɗai ba su da wani amfani sai koya wa yara kisan kai da bushewar zuciya. Wasu ma har cewa suke yi duk yaron da aka ga ya duƙufa a kan irin wannan karatu to a sa masa ido, domin wai mai son sanin yadda ake kashe mutum wata rana shi ma sai ya gwada. Yau dai na ce bari in tanka, kuma ina neman afuwar iyayena dattawa tun kafin in fara, domin wallahi ba raini ba ne. Ra'ayina shi ne, in har akwai mutanen da ya kamata su riƙe irin waɗannan littattafai hannu bibbiyu a ƙasar nan, to mu ne, mu baƙi da ke zaune a garin wasu.

Da farko ina roƙon masu sukar su gaya mana tsakaninsu da Allah guda nawa suka karanta daga bango zuwa bango. Mafi yawansu hoton wuƙa da jini suka gani a bango a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, shi ke nan suka yanke hukunci. To ai wannan ɗabi'ar ta yanke hukunci daga ganin bango ita ce ainihin cutar da littattafan suke yaƙa.

Bari in ba ku labarin guda ɗaya, tsoho ne sosai, don haka ba na jin na ɓata wa kowa daɗin karatu. A 1936 wata Baturiyar Ingila mai suna Agatha Christie ta fitar da The ABC Murders. Ɗan sandan cikin da ke labarin, Hercule Poirot, shi kansa baƙo ne a Ingila, ɗan ƙasar Beljiyam ne da yaƙi ya koro. Wani ne ya riƙa aiko masa da wasiƙa yana faɗa masa gari da ranar da zai yi kisa, kuma yana bin haruffa ne: wata tsohuwa mai shagon taba a Andover wadda sunanta ya fara da A, sai wata budurwa a Bexhill mai B, sai wani attajiri a Churston mai C. Kowace gawa sai a tarar da littafin jadawalin jirgin ƙasa a gefenta. Gari ya ruɗe, jaridu suka yi ta kururuwa cewa mahaukaci ya shigo.

To wa aka kama? Wani bawan Allah mai tallar safar mata gida-gida, sunansa Cust. Tsohon soja ne da ya sami rauni a ka a yaƙin duniya na farko, yana da farfaɗiya, wani lokaci sai ya kasa tuna abin da ya yi. An gan shi a duk garuruwan da aka yi kisa, an sami jini a hannun rigarsa, an sami wuƙa, an sami tafiretar da aka buga wasiƙun a ɗakinsa. Kai, shi kansa sai da ya yarda cewa shi ya yi. Kowa ya ce magana ta ƙare, sai Poirot kaɗai ya ƙi, saboda abu biyu: bai ga dalilin da zai sa wannan mutum ya yi kisan ba, kuma akwai wanda ya shaida yana tare da shi a daren kisa na biyu. Da ya ci gaba da tono sai ga shi ashe ƙanen attajirin nan na Churston ne makashin. Dukiyar wansa yake so, sai ya ɓoye kisa ɗaya a cikin kashe-kashe da yawa don a ce aikin mahaukaci ne. Shi ne ya ɗauki Cust aikin talla da sunan wani kamfani, ya ba shi tafireta, ya riƙa tura shi garuruwan da zai yi kisa a daidai ranakun.

Ni mahaifina fatauci yake yi, a cikin masu yawon talla na tashi, don haka da na kai ƙarshen wannan littafi ba Baturen Ingila na gani ba. Na ga mai shushaina da akwatinsa, na ga mai yankan farce, na ga ɗan ga-ruwa da ɗan bola-jari, mutanen da sana'arsu ke kai su kowane lungu, waɗanda ko yaushe aka yi ɓarna a unguwa za a sami wanda zai rantse ya gan su a wurin. Kuma gaskiya ne an gan su, domin ai kullum suna wurin! Shekara kusan 90 da suka wuce wannan matar ta gane cewa mai talla baƙo shi ne ya fi kowa sauƙin ɗora wa laifi. Yanzu don Allah wannan ne littafin da ake cewa yana lalata tarbiyya?

Kada wani ya ce ai ƙagaggen labari ne. A 1888, lokacin da makashin nan da ake kira Jack the Ripper yake kashe mata a unguwar Whitechapel ta Landan, unguwar cike take da Yahudawa baƙi da suka yi hijira daga gabashin Turai, talakawa masu ƙananan sana'o'i, kamar dai Sabon wani gari. Nan take zargi ya koma kansu. Aka kama wani mai ɗinkin takalma cikinsu, John Pizer, jaridu suka gama ɓata masa suna, daga baya aka tabbatar yana wani wuri daban lokacin kisan, aka sake shi. Makashin na gaskiya kuwa har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba.

Mu kuma nan ai ba sai an ba mu labarin Landan ba. Manyanmu suna tuna Shagamu a 1999, yadda zargin da aka yi wa mace ɗaya lokacin bikin Oro ya jawo asarar rayuka, har wutar ta tsallaka Kano aka rama a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mu yaran yanzu mun ga Shasha a Fabrairun 2021, saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama na ƙabila da ƙabila, kasuwa ta ƙone. Sannan ga Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, inda 'yan sintiri suka tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga yankin Fatakwal za su gida Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka kashe mutum 16. A duk waɗannan wurare abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya mai taurin kan Poirot da zai tsaya ya ce, tsaya tukuna, wa ya gani da idonsa, ƙarfe nawa, ina hujja? Littafin ɗan sandan ciki tun daga shafin farko har na ƙarshe wannan tambayar yake cusa wa mai karatu, har ta zame masa jiki. Duk wanda ya karanta goma daga cikinsu ya san cewa mutumin da kowa ke nunawa da yatsa a babi na 3 da wuya ya zama shi ne mai laifin.

Akwai kuma maganar amsa laifi. Mu a nan da zarar an zaunar da mutum a ƙasa gaban 'yan jarida, ba riga, fuska a kumbure, ya ce "ni na yi", to shi ke nan mun gamsu, sai mu shiga tura bidiyon a WhatsApp muna Allah wadai. Ku ji abin da ya faru a Rasha. A 1978 aka kashe wata yarinya 'yar shekara 9 a garin Shakhty, aka kama wani mutum mai tsohon laifi, aka matsa masa ya amsa, aka harbe shi a 1983. Daga baya sai ga Andrei Chikatilo, wanda aka kama a 1990, ya ce shi ya kashe yarinyar, ita ce ma farkon kisansa. Kotu ta same shi da laifin kisa 52 a 1992. A Ingila ma, a 1986, wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa cewa shi ya kashe wata budurwa a yankin Leicester. Allah ya taimake shi a lokacin wani masani, Alec Jeffreys, ya riga ya ƙirƙiro gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA. Gwajin ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe wannan budurwa da wata da aka kashe a 1983, kuma ba yaron ba ne. Aka ɗebi jinin dubban maza a ƙauyukan, ƙarshe aka gano wani ma'aikacin gidan burodi, Colin Pitchfork, wanda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. An yanke masa hukunci a 1988. Wato karon farko da aka yi amfani da wannan gwaji a binciken kisa, wanke marar laifi ya fara yi kafin ya kama mai laifi. Nijeriya tana da dokar hana azabtarwa tun 2017, to amma doka a takarda ba ta ceton kowa in jama'a da kansu sun fi son a ba su wanda za su tsine wa da wuri.

Ga 'yan uwa ustazai kuwa, ni ɗan sakandare ne, ban isa in yi muku karatu ba, sai dai tunatarwa. A Suratu Yusuf, da aka rasa mai gaskiya tsakanin Annabi Yusuf (AS) da matar Aziz, ai da duba inda riga ta yage aka warware, ta gaba ko ta baya. A Suratul Hujurat an umarce mu da yin bincike in fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa kawo hujja yana kan mai ƙara ne. Allah ya tsare ni da haɗa Littafinsa da ƙagaggen labari, abin da nake cewa kawai shi ne ɗabi'ar da waɗannan littattafai ke koyarwa ba baƙuwa ba ce a addininmu, mu ne muka yi watsi da ita.

To amma kada mu ɗauka littattafan nan lauyoyinmu ne. Wani marubucin Suwidin, Henning Mankell, ya fitar da Faceless Killers a 1991. Ba labarin mai kisan ɗauki-ɗaiɗai ba ne, amma ya shafe mu. An kashe wani tsohon manomi, matarsa kuma kafin ta cika a asibiti ta furta kalma ɗaya da ke nuna cewa baƙi 'yan ƙasar waje ne. Maganar ta fita zuwa jaridu, aka cinna wa sansanin 'yan gudun hijira wuta, aka harbe wani ɗan Somaliya da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ɗan sandan, Wallander, ya yi ta fama da bincike biyu a lokaci guda. Ƙarshe da ya kama makasan tsohon, ashe da gaske baƙi ne, mutum biyu daga gabashin Turai. Marubucin bai yi wa kowa kara ba: mutum biyu ne suka yi, su biyun za a kama, shi kuma wanda ya harbe ɗan Somaliya makashi ne kamar su. Wannan darasi namu ne mu ma. In yaronmu ya yi ɓarna a gari, mu daina ɓoye shi a cikin motar shanu a tsallaka da shi Arewa da sunan rufin asiri, domin ranar da aka rasa shi, ɗan wani ne zai biya. Kuma mu tuna a garuruwanmu na asali ma an sha tare matafiya a kashe saboda laifin da wani ya yi a wata jiha.

Wani abin da littattafan suka dage a kai, kuma tarihi ya gaskata su, shi ne irin wannan makashi yawanci ba baƙo ne mai yagaggen kaya ba. A The Silence of the Lambs na Thomas Harris, wanda ya fito a 1988, Clarice Starling ta gano makashin ne bayan ta koma garin matar da ya fara kashewa, ta shiga ɗakinta, ta fahimci cewa ya santa tun da can. A zahiri kuwa, Harold Shipman likita ne da mutanen garin Hyde na Ingila ke girmamawa, aka same shi da laifin kashe marasa lafiya 15 a 2000, binciken gwamnati kuma ya ce sun haura 200. Dennis Rader na Kansas a Amurka, wanda ya kashe mutum 10, shugaban kwamitin cocinsu ne lokacin da aka kama shi a 2005.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mai kisan ɗauki-ɗaiɗai yana daɗewa ne saboda yana zaɓen mutanen da ba mai ƙirga su. Samuel Little a Amurka ya amsa kashe mutum 93 cikin shekara sama da 30, galibinsu mata talakawa, masu zaman kansu ko masu shaye-shaye, waɗanda ko an tsinci gawarsu ba a wani zurfafa bincike. A Fatakwal a 2019 an yi ta tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal, an ɗaure su da farin ƙyalle. Da farko wani babban jami'in 'yan sanda har nasiha ya yi cewa mata su bar karuwanci, kamar dai wannan ne amsar. Sai da mata suka fito zanga-zanga a titi, sannan kyamarar tsaro ta wani otal ta nuna fuskarsa, aka kama Gracious David-West a Satumbar 2019, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Oktoban 2020. Mu na Badun kuma ba mu manta 2020 ba, lokacin da aka yi ta kashe mutane, yawancinsu mata, a Ƙaramar Hukumar Akinyele, wato inda Shasha take. Matashin da ake tuhuma ya tsere daga hannun 'yan sanda a Mokola, nan bayan gidanmu, a watan Agusta, sai bayan kusan mako biyu aka sake kama shi.

To ina tambayar masu masauki da shugabanninmu na kowane Sabo: a duk faɗin Kurmi akwai waɗanda ba a ƙirgawa kamar yaranmu 'yan ci-rani? Yaro ya sauko daga bayan tirela da buhu ɗaya, ana kiransa Ɗan Sakkwato ko Dogo ko Yalo, ba wanda ya san sunan ubansa balle ƙauyensu. Yana kwana a barandar masallaci ko cikin kango. In aka kwana uku ba a gan shi ba sai a ce ƙila ya wuce Ikko, ko ya koma gida noma. A gida kuma suna cewa yana Kurmi. Wallahi da wani mugu zai sa yaran nan a gaba, sai ya ɗauke 20 kafin mutum ɗaya ya lura akwai abin da ke faruwa. Duk ɗan sandan cikin da ke littattafan nan da jerin sunaye yake farawa: su wa suka ɓace, yaushe, a ina aka gan su na ƙarshe, me ya haɗa su. A littafin Leye Adenle, Easy Motion Tourist na 2016, akwai wata lauya a Ikko mai suna Amaka da ke ajiye bayanan mazan da ke ɗaukar mata masu zaman kansu, don in mace ta ɓace a san inda za a fara nema. Mu me zai hana kowane mai masauki da kowane shugaban 'yan dako ko 'yan acaba ya ajiye littafi ɗaya: cikakken suna, gari, lambar wayar wani ɗan uwa, ranar zuwa, ranar tafiya? Iyayenmu fatake ba sa barin kwandon goro ɗaya ya fita ba a rubuta ba. Ɗan mutum bai kai kwandon goro ba ne?

Ban ce duk littattafan nan na kirki ba ne. Akwai tarkace da yawa a cikinsu, masu jin daɗin siffanta yadda aka yanka mace dalla-dalla, irin waɗannan ko ni ba na ajiye su inda ƙannena za su gani. Kuma ina da ƙorafi a kan shi kansa Thomas Harris, domin ya mai da Hannibal Lecter, mai cin naman mutane, wani gwani mai ilimi da iya magana, har fim ɗin 1991 ya sa mutane suka fi tuna shi a kan matan da aka kashe. Makasa na gaskiya ba haka suke ba. Peter Sutcliffe da ya kashe mata 13 a Ingila direban babbar mota ne, 'yan sanda sun yi masa tambayoyi sau 9 suna sakinsa, ƙarshe a 1981 lambar mota ta bogi ce ta sa aka kama shi. Sakacin masu bincike ne ya tsawaita kwanansa. Amma don an sami ruɓaɓɓen tumatir a kwando ba a zubar da mota guda.

Saura marubutanmu na Hausa. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da labarin ɗan sandan ciki a harshensu tun tuni: Oladejo Okediji ya fitar da Aja Lo Leru a 1969 da jaruminsa Lapade, Kola Akinlade ya biyo baya da nasa jarumin, Akin Olusina. Mu ma ba a ce ba mu taɓa rubuta labarin miyagu ba, ga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare tun 1982. Amma abin da ya fi zuwa mana yau, a takarda ko a waya, soyayya ce da kishiya, in kuma aka yi kisa a labarin sai a warware shi ta mafarki, ko aljani ya tona, ko mugun ya haukace a tsakiyar kasuwa yana faɗin abin da ya aikata. Wannan shi ne ke koya wa mai karatu zama ya jira, da kuma yarda da duk wanda ya fi ɗaga murya. Femi Kayode ya ɗauki kisan ɗalibai 4 da jama'a suka yi a Aluu a 2012 ya gina Lightseekers a kansa a 2021, mai binciken nasa yana bin yadda aka yi taron mutane ya zama makashi. Mu da aka yi wa Uromi wa muke jira ya rubuta mana?

Ina son in karanta labari da Hausa wanda za a ce 'yan ci-rani suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya tsakanin Ojoo da Shasha, 'yan sanda sun ce sun koma gida ne, sai wani tsohon saje mai ritaya da ke jin Hausa da Yarbanci ya ƙi yarda, ya ɗauki biro da littafi yana bin tasha-tasha yana tambayar masu shayi wa suka gani na ƙarshe. Duk marubucin da ke son ya yi, ya zo Sabo, masauki da tuwo a wuyana, zan zaga da shi ya ga wuraren da idonsa.